Ɗaurin filtar baƙin mai: da hannu ne ko da sifana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata Honda Accord ce ƙirar 2004, mai silinda huɗu. An yi mini juye aka sa sabuwar filta, bayan 'yan kwanaki sai na fara ganin ɗigon baƙin mai a inda nake ajiye ta. Na koma garejin, yaron da ya yi aikin ya leƙa ya ce filtar ce ba ta ɗauru ba, ya sa sifana ya ƙara matse ta. Yoyon ya ɗan lafa, sai ga shi ya dawo. Yanzu wani ya ce mini da hannu kawai ake ɗaure filta, wani kuma ya ce in ba a sa ƙarfe ba za ta kwance a hanya. Maganar wa zan ɗauka? Kuma akwai haɗari idan na ci gaba da hawa kafin a gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Waɗanda suka ba ka shawara kowa ya kama wani gefe na gaskiya, amma su biyun sun tsallake ainihin ma'aunin. Da juyi ake auna ɗaurin filta. Ana murza ta a hankali har zoben robar da ke bakinta ya taɓa mazauninsa a jikin inji, daga nan a ƙara mata kashi uku cikin huɗu na zagaye guda, a tsaya. Haka Honda ta tsara wa irin injinka, kuma ga wanda yake da sifanar awo, irin wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai, adadin shi ne 12 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri. Hannu ne ya kai ta wurin ko ƙarfe ne, duk ɗaya, muddin an tsaya inda aka ce a tsaya.

Game da taka motar kuwa, yoyon da ya dawo bayan an ƙara matsi yana nuna ɗayan abu biyu. Ko dai tun farko matsalar ba ta ɗauri ba ce, ko kuma ƙarin matsin ya lalata robar. Ko wanne ne, sai an cire filtar an duba. Kada ka yarda a ƙara murɗa ta karo na uku.

Bari in bayyana dalili, don idan ka gane shi ba wanda zai sake ruɗa ka a kan wannan magana.

Ɗauki filta a hannunka ka dubi bakinta. Akwai babban rami mai zare a tsakiya, ƙananan ramuka sun kewaye shi, sai baƙin zoben roba daga waje. Famfon mai yana jawo mai daga kaskon da ke ƙasan inji, ya tura shi ta ƙananan ramukan, ya ratsa takardar tacewa da ke naɗe a ciki, ya fito ta ramin tsakiya ya wuce wurin metal da karanshaf da saman inji. Zaren tsakiya aikinsa riƙo kawai. Abin da ke hana man fita waje shi ne wannan zoben roba, shi kaɗai.

Matsin da zoben yake tarewa kuwa ba na wasa ba ne. Mai faci yana sa wa tayarka iska wajen 30 zuwa 35 a gejinsa. Man da ke cikin filta, idan mota tana gudu, yakan kai 40 zuwa 60 a wannan ma'auni, da safe kuwa kafin inji ya ɗauki zafi yakan zarce haka. Faɗin zoben wajen santimita 6 ne. Idan aka lissafa matsin a kan wannan faɗi, kusan kilo 100 ne ke tura gwangwanin, yana neman raba shi da jikin inji, duk lokacin da kake kan titi. Ga girgiza, ga zafi da sanyi da ke sa ƙarfe ya buɗe ya tsuke kullum.

To, ta yaya kashi uku cikin huɗu na zagaye zai iya da wannan? Lissafin mai sauƙi ne. Zaren filtar Honda kaurinsa milimita 20 ne, kuma duk zagaye ɗaya yana matsar da filta milimita 1.5 zuwa jikin inji. Kenan daga inda roba ta taɓa, juyin da na faɗa yana danne ta da abin da ya ɗan haura milimita ɗaya. Masu ƙera filta sun bar robar ta ɗan fito sama da bakin ƙarfen daidai gwargwadon da za ta karɓi wannan danni, ta cike duk wani ɗan ƙarci da ke mazaunin, sannan ta riƙa turowa baya. Wannan turowar da roba ke yi ita ce ke ɗame zaren, ita ce ke hana filta warwarewa saboda girgiza. Idan aka tsaya a kwata ɗaya na zagaye, robar ba ta dannu ba, mai zai riƙa naso, kuma a hankali filtar tana iya sassautowa. Idan kuma aka kai zagaye ɗaya da rabi ko biyu, an nemi a danne roba da milimita biyu zuwa uku, abin da ba ta da shi. Sai ta baje, ko ta fito daga gurbinta ta gefe ɗaya, ko ta tsage. Daga nan duk ƙarfin da aka ƙara yana tafiya ne cikin zare da faifan ƙarfen bakin filtar, shi ma ya ɗan lanƙwashe. Garin neman gira an rasa ido: filtar ta ɗauru tamau, ba ta ko motsi, amma tana zubar da mai.

Shi ya sa kalmar "da hannu" ba ta isa ma'auni ba. Hannun yaron gareji ɗan shekara goma sha biyar daban, na ƙaton da ya saba kwance notin taya daban. Hannun da ya jiƙe da mai santsi yake yi a kan gwangwani, mai shi ya ji kamar ya ƙure alhali bai kai rabin zagaye ba. A motarka ma abin ya fi wuya, domin filtar tana bayan inji ne, a kwance, saman shaf ɗin tayar dama ta gaba, kusa da salansa. Ta ƙasa ake kai mata hannu ko ta gefen taya, mutum yana lalube yana kuma gudun ƙuna. A irin wannan wuri, sau da yawa hannu ba ya iya cika juyin. Littafin gyara na Honda da kansa ya ce a yi amfani da sifanar filta wajen ƙarasa ɗaurin, kuma haka na Toyota. Saboda haka wanda ya ce maka ƙarfe haramun ne ga filta ya wuce gona da iri. Abin da aka hana shi ne ɗauri babu lissafi.

Honda ta ma sauƙaƙa lissafin. A jikin filtarta ta asali za ka ga lambobi 1 zuwa 4, ko alamomi huɗu, a kewaye da gwangwanin. Idan lamba 1 ce a ƙasa lokacin da roba ta taɓa, a juya har 4 ta zo ƙasa. Idan 2 ce, a tsaya a 1. Filtar da ba ta da lambobi, a sa alli ko maka a ja layi a gindinta. Idan layin yana sama, ya gangaro dama, ya bi ta ƙasa, ya tsaya a hagu. Wasu kamfanonin filta sukan rubuta nasu adadin a jikin gwangwani ko a kwali, wasu su ce har zagaye guda cif. Wanda aka rubuta a jikin filtar da ke hannunka shi za a bi.

Kana iya tambaya, in abin haka yake da sauƙi, me ya sa kanikawa da yawa suke matsewa har sai sun yi nishi? A ganina dalili biyu ne. Na farko, filtar da aka ɗaure daidai ma, bayan wata uku ko huɗu, sau da yawa ba ta kwantuwa sai da sifana, saboda zafi da mai sun sa robar ta ɗan kumbura ta manne. Yaron da kullum yake ganin ana shan wuya wajen cirewa sai ya ɗauka da irin wannan ƙarfi aka sa ta. Na biyu, tsoron a dawo masa da mota. Idan filta ta yi sako-sako, gobe mai mota yana bakin gareji yana faɗa. Idan ta matsu fiye da kima, galibi wahalar ta wanda zai yi juye na gaba ce, shi ne zai kai ga soka sukudireba a cikin gwangwani yana murɗawa. Ban ga laifin yaran sosai ba, abin da suka gani a wurin iyayen gidansu suke yi.

Irin sifanar ma abin dubawa ne. Mai kama da ƙoƙo, wadda ke rufe gindin filta ta kama ɓangarorinsa daidai, ita ce ake ɗauri da ita. Mai sarƙa, da mai haƙora irin ta masu gyaran famfo, na cirewa ne kawai. Kaurin gwangwanin filta bai kai milimita ɗaya ba. Idan sarƙa ta lotsa shi, wurin lotsawar yana buɗewa yana rufewa duk lokacin da matsin mai ya hau ya sauka, kuma daga nan ne ɗan tsagu yake farawa. Don haka ka tambayi kanka wace iri yaron ya sa wa taka. Idan ka ga lotsawa ko sawun haƙora a jikinta, wannan filta ta gama aiki ko da jiya aka saye ta.

Akwai abu biyu da ake yi kafin ɗauri, waɗanda in an tsallake su lissafin juyin ma ba zai yi amfani ba. Na ɗaya, a goge mazaunin filtar da tsumma mai tsabta har ƙarfen ya fito fes, a kuma kai ido ko yatsa a tabbatar babu abin da ya maƙale. Na biyu, a tsoma yatsa a sabon mai a shafa wa robar. Busasshiyar roba tana cijewa a kan ƙarfe, ta tattare ko ta murɗe maimakon ta zame, kuma tana yaudarar hannu, a ji kamar an ƙure tun ba a je ko'ina ba. Mai kawai ake shafawa. Na san akwai masu shafa gam ɗin gasket wai don ƙarin tabbaci. Wannan ɗabi'a ce da ya kamata a daina, domin gam yana sa roba ta sulluɓe daga gurbinta, ragowarsa kuma yana iya ɓallewa ya bi hanyar mai ya toshe wani ƙaramin rami a cikin inji.

Wajen sakawa, da kan yatsu ake fara murzawa. Filtar da ta hau zare daidai tana tafiya zagaye da yawa sumul, babu wani ƙarfi, har sai an ji ta ɗan tsaya. Wannan tsayawar ita ce taɓawar roba, daga nan ake fara ƙirga. Idan tun a zagaye na farko ko na biyu ta cije, a dawo da ita baya, ta hau a karkace ne ko kuma ba tata ba ce. Bayan an zuba mai a tayar da inji ba tare da an taka totur ba. Jar fitila mai alamar buta ya kamata ta mutu cikin daƙiƙa biyar. A bar injin ya yi 'yan mintoci, a leƙa da tocila a dubi kewayen filtar da notin juye, a kashe, a ɗan jira, a duba geji. Wannan leƙen na ƙarshe shi ne aka fi tsallakewa, kuma da ana yin sa da yawancin motocin da ke dawowa da yoyo ba su bar gareji da shi ba.

Yanzu ga abin da za a nema a motarka.

Fara da mafi sauƙi. Saboda yadda filtar wannan Accord take a kwance, duk lokacin da aka cire ta sai mai ya zubo a kan shaf da ƙarfen da ke ɗauke da inji. Idan ba a goge ba, yana iya yin kwanaki yana ɗiga kamar yoyo. Bambancinsa shi ne kullum raguwa yake yi, kuma geji ba ya sauka. Tunda naka ya lafa ya dawo, ban cika zaton shi ne ba, amma a wanke wurin dai kafin a yanke hukunci.

Wanda na fi jin tsoro shi ne roba biyu. Wani lokaci idan aka cire tsohuwar filta, zobenta yana zama manne a jikin inji. Baƙi ne, wurin baƙi ne, ga duhu, ga wanda ke aikin yana lalube. Sai a ɗora sabuwa a kai. Hannu zai ji ta ɗauru lafiya lau, tana ma iya yin kwanaki tana ɗan naso kawai. Amma tsohon zoben ba shi da gurbin da zai riƙe shi, roba ce a kan roba. Ranar da matsi ya yi yawa, sai ya fice ta gefe gaba ɗaya, famfo ya watso man waje. Injinka lita 4.2 yake ci idan an canza filta, kuma famfon da ke aiki a kan gudu yana iya zubar da wannan cikin minti ɗaya ko biyu. Labarin da ka bayar, wato ɗigo bayan juye, a matse ya lafa, ya sake dawowa, ya yi kama da wannan ƙwarai. Hanyar kauce masa ba ta cin ko sisi: duk wanda ya cire filta ya juya ta ya ga zobenta yana jikinta kafin ya yar.

Sai filtar da ba ta motar ba. A motocin da muke hawa zare iri biyu ne suka fi yawa. Honda da Hyundai da Kia da Mitsubishi da yawancin Nissan na baya-bayan nan suna amfani da mai milimita 20. Toyota masu filtar gwangwani kuwa nasu na inci ne, kashi uku cikin huɗu na inci, wato milimita 19 da ɗan ɗoriya, tazarar zarensa ma kusan ɗaya da wancan. A ido ba ka bambance su. Filtar Toyota a kan Honda cijewa take yi, idan aka tilasta ta sai ta ci zaren. Akasin haka ya fi haɗari: filtar Honda tana hawa kan Toyota sumul, har ta yi kamar ta ɗauru, alhali bakin zaren kawai ta kama, kuma matsin mai yana iya fizge ta. Ko zare ya zo ɗaya ma, faɗin zoben yana iya bambanta, ya zauna rabi a kan mazauni rabi a waje. Mai shago ya ce maka "duk ɗaya ne, tana shiga" ba hujja ba ce. A saya da lambar filta, ko aƙalla a kifa sabuwa a kan tsohuwa baki da baki a ga zoben ya yi daidai.

Jabu kuma ta cika kasuwa, da kwali mai kyau da sunan babban kamfani. Ka duba zaren, in ka ga kaushi ko ɓurɓushin ƙarfe, ajiye ta. Ka danna robar da farce, ta kirki tana da laushi tana dawowa, ta banza tauri gare ta kamar leda, wani lokaci ma tana faɗowa daga gurbinta da kanta. Irin waɗannan sukan yi yoyo ta wurin da aka naɗe bakin gwangwani da faifan ƙarfe, inda babu ɗaurin da zai kai.

Bayan waɗannan, sai a ɗaga ido sama, domin mai ƙasa yake gangarowa, kuma filta takan ɗauki laifin da ba nata ba. A bayan injin nan, sama da filtar, akwai suwicin da ke kunna fitilar mai, akwai na'urar VTEC mai sarrafa buɗewar bawul ɗin inji da 'yar robarta, can sama kuma ga gasket ɗin murfin inji. Motar da aka ƙera a 2004 ta haura shekara 20, robobin nan duk sun sha zafi sun bushe. Kowanne daga cikinsu ya fara naso, man zai biyo jikin inji ya taru a kan filta ya ɗiga daga gindinta. Wanda ya leƙo daga ƙasa filta zai gani a jiƙe, ya ɗauko sifana. Sau da yawa ma yoyon ya daɗe, mai mota ne bai fara duba ƙasa ba sai bayan juye.

Yadda ake rarrabewa: a wanke bayan injin da kananzir ko sabulu, a bar shi ya bushe sarai, a barbaɗa farar hoda a kewayen filtar da abin da ke samanta, a tayar da inji na minti goma. Sawun mai zai fito baƙi a cikin hodar, kuma wuri mafi tsawo da ya jiƙe shi ne tushen yoyon. Da dare a shimfiɗa kwali a ƙarƙashi a ga inda ɗigon yake sauka. A rami ko a kan abin ɗaga mota ake wannan aiki. Kada kowa ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle inji yana aiki.

Abu na ƙarshe ba ya cika faruwa, amma yana da kyau ka san shi. Idan aka cire filta aka ga gindinta ya kumbura ko faifan bakinta ya bankare, laifin yana cikin famfon mai. Akwai wani bawul a can da ke rage matsi idan ya yi yawa, in ya maƙale sai matsin ya hau har ya ture roba. A nan ko filta goma aka canza duk haka za su yi. Mai mai kauri yana ƙara tsananta wannan. Accord ɗin da aka shigo da su daga Amurka 5W-20 mara kauri aka rubuta musu, mu kuma a nan 20W-50 mai kauri ake ɗura wa kusan kowace mota. Da asubar hunturu a Jos ko Zariya, wannan man kafin ya saki jiki matsinsa yana hawa sosai, musamman ga mai tayar da mota ya hau taka totur nan take. Duk wata roba mai rauni a irin wannan lokaci take sallamawa.

Tunda ba masu Honda kaɗai ke fama da wannan ba, bari in taɓo ɗaya nau'in filtar. Ta gwangwani da muke magana a kai ta bazu ne daga tsakiyar shekarun 1950. Kafin nan takardar kawai ake canzawa a cikin gida na dindindin, yanzu kuma kamfanoni da dama sun koma wannan tsari. Camry mai injin 2.5 daga 2010 zuwa 2017, da Toyota masu V6 3.5 irin su Sienna da Highlander, da Corolla daga 2009 na wasu shekaru, da yawancin Mercedes da Volkswagen, duk murfi ake kwancewa a zaro takarda. A waɗannan dokar juyi ba ta aiki. Zoben robarsu ta gefe yake toshewa, tsakanin murfi da bangon gidan, don haka da zarar murfin ya shige ya zauna, toshewa ta kammala, ƙarin ƙarfi ba ya ƙara komai. Na Toyota 25 Nm ne, kuma a motocin Turai da yawa an rubuta adadin a kan murfin. Yawancin murafan na roba mai tauri ne, matsi yana tsaga su, guduma da kurfi kuwa da wasu ke kwance su da shi ya fi komai kashe su. Ƙoƙon da ya dace da na Toyota shi ne mai milimita 64 da ɓangarori 14. Sabon zobe yana zuwa a cikin kwalin filtar, dole a canza shi, a shafa masa mai, a kuma tabbatar ya zauna a gurbinsa na gaskiya, domin akwai wani lungu kusa da zare da ake yawan kuskuren sa shi a ciki. Ƙaramin notin da ke gindin murfin shi ma yana da nasa ɗan zoben, ɗaurinsa kuma wajen 13 Nm ne kawai.

Notin juye na kaskon mai ma a duba shi. Yana da washar alminiyam da ake so a canza a kowane juye, ɗaurinsa kuma a injinka wajen 44 Nm ne. Washar da aka maimaita sau da yawa tana baje ta daina toshewa, masu matse noti don rufe wannan kuwa su ne ke cinye zaren kasko.

Batun ci gaba da hawa. Idan da an tabbatar naso ne daga gasket ɗin murfin inji, da sai in ce ka riƙa duba geji kowace safiya a wuri mai daidaito, kana cikawa, har ka samu sarari. Tsakanin alamar sama da ta ƙasa a geji kusan lita ɗaya ne, da shi za ka gane yawan abin da kake asara. Amma naka ya fara ne bayan canjin filta, kuma ba a kawar da zargin roba biyu ba. Irin wannan yoyo ba ya girma a hankali yadda za ka lura, daga ɗigo yake tsallakawa zuwa ambaliya. Ga kuma salansa a kusa, man da ya zuba a kanta yana hayaƙi, yana ma iya kamawa da wuta. Don haka tafiyar da na yarda ka yi ita ce daga gida zuwa gareji, a hankali, bayan ka duba geji. Kada ka hau babban titi, balle ka ce za ka kama hanyar Kaduna ko Abuja.

In ka isa, ka sayi sabuwar filta mai lambar motarka, ka tsaya a cire tsohuwar a gabanka. Ba sai an zubar da man kasko ba, abin da ke cikin filtar ne kawai zai fita, a cika daga baya. Ka karɓi tsohuwar ka ga ko zobenta yana nan, ko ya baje, ko ya tsage. Ka sa a haska maka mazaunin ka ga ƙarfe ne tsantsa. A taɓa bututun zaren da filta ke hawa a ji bai sassauto ba, domin matsin da aka yi yana iya sa ya biyo filtar wajen cirewa. Wadda aka cire kada a mayar da ita ko da ta yi kyau a ido, robarta ta riga ta mutu a yadda aka danne ta.

Idan kuwa a hanya jar fitilar butar nan ta kama, ko tana ƙiftawa, ka gangara gefe ka kashe inji nan take, ko da garejin yana hangenka. Mutane da yawa suna ɗaukar ta a matsayin alamar mai ya ragu. Ita matsi take aunawa, kuma ba ta kamawa sai ya faɗi ƙasa da 10 a ma'aunin da ya kamata ya nuna 40 zuwa 60. A lokacin metal ya fara gogar karanshaf babu mai a tsakani, kuma tafiyar kilomita ɗaya a haka ta isa inji ya buga. A nemo igiya ko motar ja a ƙarasa da ita.